Hannun Wa Ke Jikin Itacen? Sharhi kan Mazubin Alƙalamin Malaman Sin

A cikin kayan tarihin ƙasar Sin da ake gwanjonsu a Beijing da Hong Kong da Landan da New York, akwai wani ɗan abu wanda ba ya cika ido da farko. Kamar ƙaramin turmi yake, sai dai ba shi da ƙugu sosai, tsawonsa yakan kama daga santimita 12 zuwa 20, an rarake cikinsa, bakinsa a buɗe. Sinawa suna kiransa bitong: bi shi ne alƙalamin gashi da suke rubutu da zane da shi, tong kuwa bututu. Aikinsa bai wuce a tsayar da alƙaluma a ciki ba, gashin yana kallon sama, bayan an wanke su, don kada bakinsu ya lanƙwashe. Ana yin sa da gora, da tangaran, da hauren giwa, da dutse mai daraja, amma wanda nake son mu tattauna a kansa shi ne na itace, musamman wanda aka sassaƙa wa rubutu a jiki, aka rufe rubutun da sunan wani shahararren malami mai zane da hatiminsa.

Wannan suna shi ne tushen duk gardamar. Mazubi biyu za su iya fitowa daga irin itace guda, zamani guda, amma wanda ke ɗauke da sunan Dong Qichang ko Wen Zhengming ko Zheng Banqiao shi masu saye za su yi wa rububi. To tambayar da ta kamata a yi ita ce: idan aka ce rubutun wane ne a jikin itace, me ake nufi? Shi ya riƙe alƙalami ya rubuta a kan wannan itacen? Shi ya riƙe wuƙa? Ya ma taɓa ganin mazubin kuwa? A ganina mafi yawan lokuta amsar duka ukun a'a ce, kuma faɗin haka bai rage wa kayan daraja ba. Abin da yake yi shi ne mayar da darajar wurin da ta dace.

Sai an fara da sanin cewa bitong baƙo ne a teburin malamin Sin, idan aka auna shi da sauran kayan. Alƙalamin gashi da tawada da takarda da dutsen niƙa tawada, waɗanda suke kira taskoki huɗu na ɗakin karatu, sun girme shi da ɗaruruwan shekaru. A zamanin daular Song malami yakan jingina alƙalaminsa ne a kan wani ɗan abu mai siffar tsaunuka, yana kwantar da shi a tsakanin kololuwa biyu. Mazubi mai tsayar da alƙaluma bai yaɗu ba sai a ƙarni na 16, cikin rabin ƙarshe na daular Ming, wadda ta yi mulki daga 1368 zuwa 1644. Ɗaya daga cikin mafi tsufa masu ɗauke da kwanan wata shi ne na gora da ke gidan tarihi na Nanjing, aikin Zhu He wanda aka fi sani da Zhu Songlin, mutumin Jiading kusa da Shanghai. An sassaƙa shi da siffar kututturen tsohuwar bishiya da gauraki biyu, kuma rubutun jikinsa ya nuna shekarar 1571. Ɗansa Zhu Ying da jikansa Zhu Zhizheng sun gaji sana'ar, har Jiading ta zama cibiyar sassaƙar gora na tsawon ƙarnuka.

Wajen 1620 wani ɗan babban gida a Suzhou, Wen Zhenheng, tattaɓa-kunnen mai zane Wen Zhengming, ya rubuta littafin Zhangwu zhi, inda ya bi kayan gidan mai ilimi ɗaya bayan ɗaya yana faɗin wanne ya dace da mutum mai ɗanɗano, wanne kuma na 'yan sabon kuɗi ne. Da ya zo kan bitong, gora ya sa a gaba. Itatuwa masu tsada irin zitan da huali ya yarda da su ne a matsayi na biyu. Wannan ya nuna mana abin da masu gwanjon yau sukan manta: mutanen da aka yi kayan dominsu ba tsadar itace suka fi dubawa ba. Gora a wajensu alama ce ta mutumin kirki, mai tsayuwa a miƙe, mai wofintaccen ciki da ba girman kai, mai jure sanyi ba tare da kaɗe ganye ba.

Duk da haka itacen ya samu shiga, kuma dalilin na kasuwanci ne. A 1567 sarki Longqing ya sassauta haramcin cinikin teku, aka buɗe tashar Yuegang a lardin Fujian, katako mai nauyi daga kudu ya riƙa kwararowa. Biyu suka yi fice. Huanghuali, wanda mafi kyawunsa daga tsibirin Hainan yake, launinsa kamar na zuma, yana da ƙamshi, jijiyoyinsa suna tafiya kamar igiyar ruwa, a wasu wurare su dunƙule su yi wani zagaye da Sinawa ke kira fuskar aljani. Zitan kuwa daga kudancin Indiya ake kawo shi, ja ne mai duhu har ya kusa zama baƙi, nauyinsa ya kai ya nutse a ruwa, kuma ƙwayarsa a matse take ta yadda wuƙa za ta iya fitar da layi siriri kamar gashi ba tare da gefen ya farfashe ba. Masassaƙa suna cewa a cikin gungume goma na zitan tara masu kogon ciki ne, abin da ke wahalar da mai yin tebur amma ya yi wa mai yin mazubi daidai. Akwai kuma huangyang mai launin rawaya, da itacen da suke kira fiffiken kaza saboda zanen jikinsa, da baƙin itace irin kanya, da itacen turare mai tsada.

Wanda ya taɓa juya tsohon mazubin itace ya duba gindinsa zai ga wani ɗan rami a tsakiya da aka toshe da guntun itace daban. Ba gyara ba ne. Itacen da aka rarake daga gungume guda yana kumbura da damina, ya tsuke da rani, kuma in gindin a rufe yake ruf sai ya tsage. Ramin yana ba shi wurin numfashi. Shi ma jikin mazubin ba a miƙe yake sak ba: masu gwaninta sukan ɗan shigar da tsakiyarsa ciki kaɗan, yadda ido ba zai lura ba amma hannu zai ji. Mafi yawan na huanghuali na ƙarni na 17 haka aka bar su, babu zane babu rubutu, domin jijiyar itacen ita ce adonsu. A riƙe wannan magana, za mu dawo gare ta.

Me ya sa suna yake da irin wannan nauyi? Domin a ƙasar Sin ta wancan lokaci rubutu shi ne mutum. Hanyar samun muƙamin gwamnati ita ce jarrabawar sarauta, wadda aka shafe fiye da shekara dubu ana yi kafin a soke ta a 1905, kuma mai mummunan hannu ba ya nisa a cikinta. Dong Qichang, wanda ya rayu daga 1555 zuwa 1636, shi da kansa ya ba da labarin cewa yana saurayi mai jarrabawa ya mayar da shi na biyu saboda rashin kyan rubutu, abin ya yi masa ciwo, ya duƙufa kan koyo har ya zama wanda ake koyi da hannunsa. Ya ci babbar jarrabawa a 1589, ya kai matsayin ministan al'adu da bukukuwa a Nanjing. Mutane irinsa su ake kira wenren, malamai waɗanda suke ɗaukar zane da waƙa da rubutu a matsayin abu guda, da alƙalami guda ake yin su. Suna bambanta kansu da masu zanen neman abinci. A ra'ayinsu yadda layi ya fara, ya yi kauri, ya siranta, ya tsaya, yana bayyana halin wanda ya ja shi da zurfin karatunsa. Don haka mallakar layi ɗaya daga hannun irin wannan mutum kamar zama ne a majalisarsa.

Amma itace ba takarda ba ne, kuma a nan ne batun ya fi daɗin bincike. Rubutun da ke jikin mazubi ba tawada ba ce, rami ne da wuƙa ta yi. Kafin ya kai ga haka ya ratsa hannuwa uku. Na farko mai maganar, wanda ya tsara waƙar ko zancen. Sau da yawa wannan tsohon marubuci ne da ya rasu tuntuni: gabatarwar da Wang Xizhi ya rubuta wa taron Lanting a shekarar 353, ko waƙar komawa gida ta Tao Yuanming, ko waƙoƙin Jan Dutse biyu da Su Shi ya yi a 1082, su ne aka fi yawan gani. Na biyu mai hannun, wanda ya zuba maganar da salon rubutunsa. Na uku mai wuƙar. Sunan da ke ƙarshe galibi na mutum na biyu ne, alhali abin da ido yake gani, kowane lanƙwasa da kowane kaifi, aikin na ukun ne.

Hanyoyin ɗora rubutun a kan itacen biyu ne. Ko dai malamin ya ɗauki alƙalami ya rubuta kai tsaye a jikin mazubin, masassaƙi ya bi sawun tawadar tun ba ta goge ba, ko kuma a ɗauko rubutun da ke takarda, a shimfiɗa wata siririyar takarda a kai, a bi gefen kowane layi ciki da waje, a manna a jikin itacen a sassaƙa. Hanya ta biyu ba ta buƙatar malamin ya kasance a raye. Kuma samfurin hannun manya bai yi wuyar samu ba, domin tun 992, lokacin da fadar Song ta sa aka sassaƙa tarin Chunhua ge tie, al'adar buga littattafan koyon rubutu ta kafu: a sassaƙa hannun mashahurai a kan dutse ko katako, a shafa tawada a ɗauko hoton a takarda, a sayar wa ɗalibai. Gidan Wen Zhengming ya fitar da nasa tarin, Tingyunguan tie. Dong Qichang ya fitar da Xihongtang tie a 1603. Sarki Qianlong ya sa aka yi Sanxitang fatie a tsakiyar ƙarni na 18. Kowane masassaƙi a Suzhou ko Yangzhou da ke da ɗaya daga cikin waɗannan a shagonsa yana da hannun manyan malamai na shekara dubu a aljihu.

Daga nan lissafi mai sauƙi yake warware rabin rigimar. Shen Zhou ya rasu a 1509, Tang Yin a 1524, Zhu Yunming a 1527, dukkansu kafin bitong ya zama ruwan dare. Su Shi da Mi Fu na daular Song, da Zhao Mengfu da Ni Zan na daular Yuan, ba a ma maganarsu. Duk mazubin zitan da ke ɗauke da ɗaya daga cikin waɗannan sunaye, kwafi ne aka yi daga takarda ko daga littafin koyo. Wen Zhengming, da ya kai 1559 yana da shekara kusan casa'in, yana bakin iyaka. Daga Dong Qichang zuwa gaba ne zamani ya fara yarda, amma yardar zamani ba shaida ba ce. Dong tun yana raye buƙatar hannunsa ta fi ƙarfinsa, har ya riƙa sa wasu su yi masa zane da rubutu ya sa hannu. Zhao Zuo da Shen Shichong suna cikin waɗanda aka sani sun yi masa zane. Bayan rasuwarsa sarki Kangxi ya ƙaunaci salonsa, sai duk mai neman muƙami ya koma rubutu irin na Dong. Jin Nong na Yangzhou shi ma almajirinsa Luo Ping ya sha yi masa zane. Idan a kan takarda ma haka lamarin yake, ina ga itace, inda wani hannu dabam ya riga ya shiga tsakani?

Ba na son a fahimce ni kamar ina cewa duk ƙarya ce. Masana suna raba rubutun jikin irin waɗannan kaya gida uku, kuma wajibi ne a kiyaye bambancin. Akwai na haɗin gwiwa na gaskiya, inda malami ya rubuta domin wannan mazubin, sau da yawa kyauta ga aboki, ya ambaci sunan abokin da wurin da suka zauna da lokacin shekara. Sun Kehong na Songjiang, mai zane da ya rasu a 1611, an san shi da tsara kayan zitan da ake cusa wa zaren azurfa a madadin tawada. A ƙarni na 18 da na 19 irin wannan aiki ya ƙaru, domin malamai sun shiga nazarin tsofaffin rubuce-rubucen jikin tagulla da duwatsu, suka kuma koyi riƙe wuƙa ta hanyar sassaƙa hatimi. Gao Fenghan, wanda hannunsa na dama ya shanye a 1737 ya koma aiki da hagu, yakan tsara rubutu a duwatsun niƙa tawada ya sassaƙa. Chen Hongshou, da ya rasu a 1822, ya haɗa kai da maginin tukwane Yang Pengnian suka fitar da butocin shayi na Yixing masu ɗauke da rubutunsa. A irin wannan yanayi mazubin da malami ya rubuta kuma ya sassaƙa da kansa abu ne mai yiwuwa, kuma akwai su, sai dai ba su da yawa.

Gida na biyu shi ne na girmamawa. Masassaƙin ƙarni na 18 ya kwafi hannun Dong ko na Mi Fu har da sunan da hatimin, domin sunan wani ɓangare ne na rubutun da yake kwafa. Shi da mai sayen duka sun san abin da ake ciki, ba wanda ya cuci wani. Irin wannan mazubi tsoho ne, rubutunsa tsoho ne, kuma yana iya zama aiki na ƙwarai. Kuskuren yana zuwa ne bayan shekara ɗari biyu, lokacin da mai talla ya karanta sunan ya yi shiru a kan sauran bayanin.

Gida na uku shi ne wanda yake ɓata mini rai. A samo tsohon mazubin huanghuali na ƙarni na 17, wanda mai yinsa ya bar shi fili da gangan, a kai wa mai wuƙa ya tsaga masa waƙa da sunan wani babba, don kawai farashi ya tashi. An yi haka a ƙarshen daular Qing, wadda ta gaji Ming, an yi a farkon ƙarni na 20 lokacin da Turawa da Japanawa suka buɗe aljihu, ana kuma yi yanzu. Wannan ya fi sabon jabu muni. Sabon jabu bai lalata komai ba sai kuɗin wanda ya saya. Wannan kuwa ya ɗauki abu na gaskiya da ya tsallake yaƙe-yaƙe da gobara da farautar tsofaffin kaya ta juyin al'adu na 1966, ya yi masa tabon da ba ya gogewa. Kuma shi ya fi wuyar ganewa, domin itacen zai ci kowace jarrabawa: tsoho ne da gaske.

To yaya masana suke bi? Da karatu suke farawa, kafin su ɗauki madubin ƙara girma. Sinawa na da suna ƙirga shekaru da zagaye na sittin, kowace shekara da sunanta na kalma biyu. Shekarar da ke jikin mazubin Nanjing, xinwei, ita ce 1571, amma kuma ita ce 1631 da 1691 da 1751, har zuwa 1991. Saboda haka kwanan wata shi kaɗai ba ya tsayar da magana, sai an gwada shi da rayuwar mai sunan: yana raye a lokacin? Yana garin da aka ambata? Ya riga ya fara amfani da wannan laƙabin? Malaman suna da sunaye da yawa, na yanka da na girma da na ɗakin karatu, wasu sukan sauya su da shekaru, kuma mai jabu yakan haɗa laƙabin tsufa da shekarar ƙuruciya.

Akwai wata hujja da nake jin daɗinta ƙwarai saboda ƙanƙantarta. A al'adar Sin ta zamanin sarakuna ba a rubuta harafin da ke cikin sunan sarki mai ci yadda yake. Sai a cire masa layi ɗaya ko a musanya shi da wani. Sunan yanka na sarki Kangxi, wanda ya hau gado a 1661, Xuanye ne. Sunan girma na Dong Qichang kuwa Xuanzai, da harafin farko iri ɗaya. Dong ya rasu shekara 25 kafin hawan wannan sarki, ba shi da dalilin tauye harafin sunansa. Idan aka ga mazubi da sa hannun Xuanzai, harafin kuma da gibin layin ƙarshe, to mai wuƙar mutumin daular Qing ne da hannunsa ya saba da ladabin fada. Rashin ɗigo ɗaya ya ba da labarin duka. Haka nan idan wani sauƙaƙƙen harafi na tsarin da gwamnati ta shigo da shi daga 1956 ya kutsa cikin rubutun da aka ce na ƙarni na 17 ne, sai a tsaya a bincika, ko da yake a nan ana taka-tsantsan, don wasu sauƙaƙƙun siffofin an ɗauko su ne daga tsohon rubutun gaggawa.

Bayan karatu sai duba ramin kansa. Itacen da aka shekara ɗari uku ana taɓawa yana yin wani sheƙi mai laushi daga man hannu da ƙura da iska, wanda Sinawa ke kira baojiang. In rubutun sa'an mazubin ne, wannan tsufa zai gangara har cikin ramin, gefen layukan kuma zai dushe daidai da yadda bakin mazubin ya dushe. In daga baya aka yi, cikin ramin zai fi haske, ko a tarar an cusa masa baƙin kakin zuma don a ɓoye. Tsohuwar tsaga ma shaida ce: tsagar da ta zo bayan rubutu takan raba layi biyu, gefe ɗaya ya ɗan goce wa ɗayan, amma wuƙar da ta zo bayan tsaga takan yi tuntuɓe a bakinta ko mai ita ya kauce mata. Injin haƙa na zamani yana barin gindin rami a zagaye da zurfi iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, alhali wuƙar hannu tana shiga a karkace, ta nutse inda alƙalami ya danna, ta taso inda ya ɗaga. Gwanin gaske har wurin da tawada ta ƙare gashi ya rarrabu ya bar farin zare-zare a cikin layi yakan fitar. Koren gari ko shuɗi ko ruwan zinariya da ake cika ramin da shi ba hujja ba ne ko ta wane ɓangare, don ana sabunta shi.

Sai salsala: a hannun wa ya fito, shi kuma daga wa? Mazubin da aka buga hotonsa a littafin baje kolin Hong Kong na 1986 kan kayan ɗakin malami, wanda Gerard Tsang da Hugh Moss suka tsara, ko wanda ya fito daga tarin Wang Shixiang da aka yi gwanjonsa a Beijing a 2003, ko na Robert Ellsworth da aka sayar a New York a 2015, yana da abin dogaro da sabon fitowa ba shi da shi. Amma salsalar shekara hamsin tana tabbatar da shekara hamsin ne kawai. Ba ta kai mu ga teburin Dong Qichang.

Abin da ya fi damuna a duk wannan shi ne mutumin da ake tsallakewa. Idan rubutun jikin mazubi ya yi rai, idan layin ya yi gudu ya tsaya kamar da alƙalami aka ja shi a kan itacen da ya kusa ƙarfe tauri, kuma a kan bango mai zagaye inda kowane harafi sai an daidaita shi da lanƙwasar, to gwanintar ta mai wuƙa ce. A fagen gora an yi musu adalci kaɗan. Jin Yuanyu ya tattara tarihin masassaƙan Jiading a littafin Zhuren lu a 1807. Zhou Hao, da ya rayu daga 1685 zuwa 1773, mai zane ne kuma masassaƙi, yana aiki da wuƙa kamar yadda wasu ke yi da alƙalami, har babban malamin tarihi Qian Daxin ya rubuta tarihin rayuwarsa. Deng Wei ya yi suna musamman a kan sassaƙa rubutu, yana kuma sa sunansa. Masu aikin katako kuwa mafi yawansu sun tafi ba suna. Da ni ne mai tsara littafin gwanjo, da na rubuta a ƙarƙashin irin wannan mazubi: aikin masassaƙin da ba a san sunansa ba, ƙarni na 18, bisa salon Dong Qichang. Gidajen gwanjo masu mutunci suna kusantar haka, suna bambanta tsakanin "rubutun wane" da "ɗauke da sa hannun wane", amma mai saye da ya ƙwallafa rai a kan suna ba ya tsayawa karanta bambancin.

Tun da tattalin arzikin Sin ya bunƙasa, masu kuɗin ƙasar suka shiga sayo kayan kakanninsu daga waje, kuma tun 2007 dokar ƙasar ta hana fitar da duk abin tarihi da aka yi kafin 1911. Tsofaffin mazubai ba sa ƙaruwa, masu nema kuwa kullum ƙaruwa suke, sai sababbi suka cike gurbin. Huanghuali na daji a Hainan ya kusa ƙarewa, zitan na Indiya yana ƙarƙashin takunkumin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, tun 1995, don haka 'yan katako suka bazama neman dangoginsu a wasu nahiyoyi. A nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. Madobiya, wadda makiyaya ke sassabe wa shanu ganyenta da rani, 'yar gida ɗaya ce da zitan a ilimin tsirrai, kuma ma'aunin katakon alfarma da gwamnatin Sin ta fitar a shekarar 2000 ya sa ta a rukunin huali. A kasuwannin can ana kiranta huali na Afirka. Tsakanin 2014 da 2017 Nijeriya ta shiga sahun gaba a masu tura gungumenta zuwa Sin, dazuzzukan Taraba da Adamawa da Kogi suka sha sara, har aka sa ta a jeri na biyu na CITES daga farkon 2017, aka kuma dakatar da cinikinta daga Nijeriya a 2018. Mafi yawanta kujeru da gadaje da tebura aka yi da ita. Guntayen da suka rage kuwa ba a zubarwa: ana rarake su a yi ƙananan kaya, har da mazubin alƙalami, wasu a sayar da su a matsayin sababbi da sunansu na gaskiya, wasu a rina su, a shafe su da kaki, a tsaga musu waƙar Su Shi da hatimin wani malami na Suzhou.